Kafin a raba wa ɗaliban Maigatari kwamfutar hannu, a fara gyara ajin

Duk ranar Alhamis, dillalan shanu a kasuwar Maigatari na ƙulla ciniki ta waya, kuɗi su shigo ta POS a gindin rumfa. Amma 'ya'yansu, in ma sun yi sa'ar ganin kwamfuta a makaranta, to a wani ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe, makullin na aljihun wani malami.

Wannan tsari na ɗakin kwamfuta guda ɗaya ya tsufa. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana ta daga waje. Yaron Gagarawa ko Sule Tankarkar da zai fara taɓa na'ura ranar jarrabawa, an kayar da shi tun daga gida.

Mafita ita ce na'urar ta riƙa zuwa wurin yara. Manhajar Nigeria Learning Passport, da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, an tsara ta yadda za a iya karatu ko babu intanet. Sai dai ajin da ake ginawa bai san da zuwan baƙuwar ba: benci haɗe da tebur, mai nauyin da sai yara huɗu sun taru za su ɗaga, kowa na fuskantar allo, babu soket ko ɗaya, taga kuma a wangame ga ƙurar hunturu.

Gyaran bai kai kuɗin sabon gini ba. Akwatin caji mai kulle da ke aiki da sola, tebura marasa nauyi da za a haɗa yara biyar-biyar a kan na'ura ɗaya, tabarmi, da baranda mai faɗi da za a koma idan kwano ya ɗauki zafin Afrilu, domin batiri ma ba ya son rana. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gumel. Almajirin tsangaya ya daɗe yana ɗaukar allonsa ya bi inuwa.

Hukumar SUBEB ta Jigawa ce ke amincewa da zanen azuzuwan firamare kafin a ba da kwangila, don haka a teburinta gyaran zai fara. Ita kuwa Kwalejin Ilimi ta Gumel, da ke yaye malaman yankin, ta dace ta ware aji ɗaya irin wannan, ɗalibanta su koyi tafiyar da yara sittin da na'ura goma kafin a tura su ƙauye.