Inji Na Juyi Mota Ba Ta Tashi: Kada A Yi Saurin Kwance Famfo



Muna so mu yi magana a kan wata matsala wadda ba ta farashin sa ko rago ba ce, amma takan ci ribar mutum fiye da faɗuwar farashi. Maganar motar gazuwal ce mai buɗaɗɗen baya, irin su Hilux da Land Cruiser da muke ɗaukar tumaki da awaki da dusa da su. A murɗa makulli, inji ya yi ta juyi gur-gur-gur, amma ya ƙi kamawa. Kuma kamar ta san ranar kasuwa. Wanda ya yi lodin raguna don Maigatari ta Alhamis ko Mai'aduwa ta Lahadi, in mota ta kwana a daji to sai wani mako. Ragon da ya yini tsaye a bayan mota cikin rana, ba ruwa ba harawa, ai ba shi ne ragon da aka loda ba. Sau da yawa ma dabbobin ba na mai motar ba ne, amanar mutane ce.

Ra'ayinmu shi ne, mai mota ya kamata ya san abin da ake dubawa da wanda ake fara dubawa, ko da bai taɓa riƙe sifana ba. Mutumin da ke buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, ya dubi hanci da kashi ya gane lafiyar dabba, bai dace bakanike na bakin hanya ya ce masa "Alhaji famfo ne" shi kuma ya ce "to" ba. Famfon mai shi ne abu mafi tsada a jikin injin nan, kuma shi ne ya kamata a zarga daga ƙarshe.

Injin gazuwal ba ya aiki da tartsatsin wuta irin na fetur. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya wuce digiri 500, sannan a fesa mai a ciki ya kama da kansa. A tsofaffin injunan Hilux irin 2L da 3L, ana matse iskar nan kamar sau 22. To kun ga in ya ƙi tashi, ko dai mai bai iso ba, ko zafi bai kai ba, ko kuma man ya iso ba a kan lokacinsa ba.

A fara da kunne. In juyin a kasale yake, kamar tsohon sa na jan garma, batir ne ko kawunansa sun yi tsatsa, domin in inji bai juya da sauri ba iska ba ta yin zafi. A kankare kawunan a ɗaure. In za a ari wuta, kada a ɗauko daga babbar motar shanu, yawancinsu bolt 24 ne, ƙaramar kuwa 12. Kuma kada direba ya danne makulli ya yi ta jan rai. Daƙiƙa 10 zuwa 15, a huta, in ba haka ba a ƙone sitata, matsala ta zama biyu.

In juyin da ƙarfinsa, a tura karen mota ya tsaya wajen salansa ya faɗi abin da ya gani. Wannan fa ba ya cin ko dala, amma shi ke raba gardama. In babu hayaƙi sam, mai ba ya shiga inji. In farin hayaƙi na fita mai warin ɗanyen gazuwal, mai na shiga amma ba ya ƙonewa. Baƙin hayaƙi kuwa, a dubi matatar iska, wadda ƙurar hanyoyinmu da ƙaiƙayin lodi ke toshewa. Duk bakaniken da ya fara kwance-kwance bai dubi hayaƙi ba, a riƙe hannunsa.

Mu ɗauka babu hayaƙi. A leƙa tanki da sanda, don allurar mai ta tsohuwar mota ba abin yarda ba ce. Sannan a jikin famfo akwai wani ɗan abu mai waya ɗaya, aikinsa shi ne buɗe wa mai hanya in an kunna makulli, ya rufe in an kashe. A sa kunne kusa, wani ya murɗa makulli, za a ji ƙas. In ba a ji ba, watakila wayar ce girgizar hanya ta zare, ko fis ya ƙone. Wallahi akwai motocin da aka ja da igiya tafiyar yini guda a kan wayar da yaro zai mayar da yatsa biyu.

Bayan wannan sai iska da ruwa a cikin hanyar mai, kuma a nan yawancin matsalar take. A saman matatar mai akwai ɗan famfon hannu. A danna shi. In ya yi laushi, ba ya tauri, iska ta shiga, ko don mai ya ƙare an ƙara, ko tiyo ya tsage, ko an canja matata ba a ɗaure da kyau ba. A yi ta dannawa har ya yi tauri. A ƙasan matatar kuma akwai wurin zubar da ruwa. A kwance shi a tara a kwalba mai haske, ruwa ya fi gazuwal nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani. A tsofaffin injuna ana iya sassauta bututun ƙarfe a kan nozul, wanda wasu ke kira anjektar, a juya inji har kumfa ta ƙare mai ya fito tsantsa, a ɗaure. Amma a lura da kyau, sababbin Hilux na daga wajen 2005, masu rubutun D-4D, ba a yi musu haka. Matsin man da ke cikin bututunsu ya wuce bar 1,000, yana huda fatar hannu. Waɗannan in an duba batir da fis da matata ba a dace ba, sai mai na'urar kwamfuta.

Farin hayaƙi da asuba a watan Disamba ko Janairu, lokacin ɗari, yawanci bujin zafi ne. Su ne ke ɗumama cikin inji kafin tashi, kuma wutarsu na nunawa a gaban direba. Direbobi da yawa ba sa jira ta mutu. A jira, a maimaita sau biyu ko uku. In da rana mota na tashi lafiya, sai da sanyin safiya take gardama, to buji ɗaya ko biyu sun mutu, kuma kuɗinsu bai kai na bunsuru ba.

Akwai kuma sautin da in an ji shi sai a cire hannu daga makulli. In inji ya mutu yana cikin tafiya, aka juya shi aka ji ya yi sakayau, sautinsa ya canja, ana jin tsoron bel ɗin cikin inji ya tsinke. Ci gaba da juyi ko tura mota na iya sa fistin ya bugi bawul. A injunan 2L da 3L ƙa'ida ita ce a canja bel ɗin nan duk kilomita 100,000, amma wa ke rubutawa? Balle motar da aka saya hannu na uku, agogon kilomita ya daɗe da tsayawa.

Abin da muka fi ƙi shi ne dabarar fesa fetur ko maganin sauro ko turare a bakin iska. Gaskiya ne mota kan tashi. Amma in bujin zafi na da wuta, abin na iya fashewa tun kafin lokaci, ya karya ringi ko ya ƙone fuskar mai fesawa, ga dabbobi da busasshiyar harawa a baya. Kuma ciwon na nan inda yake, an dai rufe shi ne. Haka nan haɗa gazuwal da kananzir: gazuwal shi ne ke shafa wa famfo da nozul maiƙo, kananzir kuwa bai kai shi maiƙo ba, a hankali yake cinye su.

Wani zai ce, ai kowa da sana'arsa, a bar wa kanikawa aikinsu. Ba mu ƙi ba. Akwai masu famfo na gaskiya a Maraɗi da Damagaram da Tawa, masu injin gwaji da ɗaki mai tsabta, su ya kamata a kai wa. Abin da muke ƙi shi ne a baje famfo a kan buhu cikin rairayi a gefen kara, iska na kaɗawa, alhali ƙwayar ƙasa ɗaya ta isa ta lalata shi. Wani kuma zai ce a daina sayen man bido wurin ƴan ruwa-ruwa. Maganar na da daɗin faɗi, tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, amma wanda ke bin kasuwannin daji bayan Dakoro ko Tanut ya san ba ko'ina ne ake samun gidan mai ba. To in ya zama dole, a bar bido ya zauna ya kwanta, a tace da tsumma mai tsabta marar zare-zare, kada a juye na ƙasan.

Don haka muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa maganar nan cikin taro mai zuwa, kafin lodin ragunan Babbar Salla ya kankama. A ɗauko bakanike ɗaya wanda aka yarda da shi, a biya shi daga asusu, ya yini da direbobinmu da yaransu a gaban mota, kowa ya danna famfon hannu ya zubar da ruwan matata da hannunsa. Kuma duk motar da za ta ɗauki dabbobin wani ɗan ƙungiya, Sarkin Tasha ya tabbatar akwai matatar mai sabuwa a ciki, da fis, da ɗan tiyo, da bidon ruwa na dabbobin kansu.