Kama da Wane Ba Ta Wane: Wa Ya Mallaki Kamun Dodo?

A watan Janairun 2024 wani ƙaramin kamfani na birnin Tokyo mai suna Pocketpair ya fitar da wasan bidiyo da ya sa wa suna Palworld. Cikin kwana uku aka sayi kwafi sama da miliyan 5. Tun kafin ya fito aka fara yi masa laƙabi da "Pokémon mai bindiga", domin duk wanda ya san Pokémon, da ya kalli halittun sabon wasan zai ga kamar ya taɓa haɗuwa da su. A watan Satumba na shekarar, Nintendo da The Pokémon Company suka maka Pocketpair a kotun lardin Tokyo. Mutane da yawa suka ce Allah ya ƙara, ɓarawo ya shiga hannu. Mu kuwa muna ganin akwai gyara a wannan murna.

Mu fara da abin da aka yi ƙara a kansa. Mai karatu zai zaci zanen halittun ne, wato kamannin fuska da kunne da wutsiya. Ko kusa. Ƙarar ta tsaya ne a kan takardun mallakar ƙirƙira da suka shafi yadda ake buga wasan: ka saita hannu, ka jefa ƙwallo ga halitta a fili don ka kama ta, ko ka hau bayanta ta yi tafiya da kai. Diyyar da aka nema yen miliyan 5 ce ga kowane ɗaya daga kamfanonin biyu, kuɗin da bai kai cefanen Nintendo ba. Babbar buƙatar ita ce kotu ta dakatar da wasan. Tun ana tsakiyar shari'a Pocketpair ya cire jefa ƙwallo wajen kiran halitta a ƙarshen 2024, ya kuma sauya yadda ake shawagi a iska a 2025.

To, wa ya ƙirƙiro kamun dodo? Pokémon ya fito a 1996 a kan na'urar Game Boy da halittu 151. Satoshi Tajiri, wanda ya kawo tunanin, ya samo shi ne daga kamun ƙwari da ya yi yana yaro, kuma ba shi ne yaron farko da ya sa ƙwaro a kwalba ba. Sunan da aka fara ba aikin shi ne Capsule Monsters, kuma tun 1967 shirin talbijin na Ultraseven yake nuna jarumi mai ajiye dodanni a ƴan ƙananan kwalabe, ya sake su idan faɗa ya tashi. A 1987 wasan Megami Tensei ya bar ɗan wasa ya lallashi aljanu su shiga rundunarsa. A 1992 Dragon Quest V ya bar dodon da ka buge ya tashi ya bi ka. Da masu waɗannan ayyuka sun kafa shinge irin wanda Nintendo ke kafawa yau, da Pikachu bai zo duniya ba.

Nintendo ma ya san ɗacin wannan magani. A 1982 kamfanin fina-finai na Universal ya yi ƙararsa a Amurka, wai Donkey Kong satar King Kong ne. Nintendo ya tsaya kai da fata cewa gwaggon biri ba gadon gidan kowa ba ne, kuma ya yi nasara. Yau ga shi ya zama babba, shi ke riƙe da sanda. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kada a ɗauka mun wanke Pocketpair. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu halittun Palworld sun matso kusa da na Pokémon har kunya ta kama mai kallo, kuma wannan kasala ce da bai kamata a yaba ba. Mai zane ya yi gumi kafin ya fitar da fuskar halitta, fuskar nan tasa ce, wanda ya kwafe ta ya ci haƙƙinsa. Da a nan aka kafa ƙara, da hujja a hannu, da ba mu ce uffan ba. Amma dabarar wasa daban take. Ita kamar rijiyar unguwa ce, kowa ya zo da gugarsa.

Mu masu karatun adabi mun fi kowa sanin wannan. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, kuma babu mai hankalin da zai kira shi ɓarawo, domin abin da ya fito daga hannunsa ya zama nasa. Ma'aunin asali shi ne abin da ka ƙara bayan ka ara.

Da wannan ma'auni za a auna ƴan uwan Pokémon. Monster Rancher na 1997 ya sa ka zura faifan CD, ko da na waƙa ne, a cikin na'ura ya haifar maka dodo. Yo-kai Watch na 2013 ya koma ga aljanun tatsuniyoyin Japan ya zuba su a titunan unguwa. Temtem, na wani kamfani a Sifaniya, ya tara ƴan wasa a duniya guda ta intanet, yawancin faɗansa kuma biyu-biyu ne. Cassette Beasts na 2023 ya sa ka naɗi dodo a kaset, ka rikiɗe ka zama shi, har ka haɗe biyu su zama ɗaya. Palworld kansa ya ƙara gina sansani da sa halittu noma da ƙira, abin da ya mai da shi wasa mai ɗanɗano daban. Duk suna kama da Pokémon, amma kama da wane ba ta wane.

Abin da ke damunmu ya wuce Pocketpair, domin shi ya tara kuɗin ɗaukar lauyoyi. Damuwarmu matasa uku ne a ɗaki guda da kwamfuta ɗaya, waɗanda za su zauna su tsara wasansu na farko. Ba sai an kai su kotu ba. Tsoron takardar lauya kaɗai ya isa su yar da tunanin tun yana jariri, kuma ba wanda zai taɓa sanin wasan da aka rasa.

Don haka matsayinmu a fili yake. A kare zanen mai zane da sunan halittarsa da labarinsa, a hukunta wanda ya kwafa. Amma jefa ƙwallo da hawan dabba da tara halittu a bar su a hannun kowa, kamar yadda Tajiri ya same su. Mu ƴan wasa kuma mu daina ihun "sata" da mun ga kunne mai tsini. Mu buga wasan tukuna, sannan mu tambaya: me wannan ya kawo wanda babu shi jiya? Idan babu komai, mu bar masa kayansa a kasuwa, wannan hukuncin ya ishe shi.