Wa Ya Ce Hazo Shi Ne Kyan Hoto?

Watan jiya aka kawo mana hotunan bikin ƙanwata. A cikin hoton dangi, amarya ta durƙusa a gaba, ta fito tar, har ana iya ƙirga duwatsun sarƙarta. Kakarmu kuwa, wadda ke zaune kan kujera taku ɗaya a bayanta, ta koma wata inuwa mai farin mayafi. Tsohuwar ta haura tamanin, kuma da ƙyar aka shawo kanta ta zauna gaban kyamara. Da na yi wa mai hoton ƙorafi, sai ya ce ai haka ake yayi yanzu: gaba ya fito, baya ya narke.

Yayin nan ya isa a taka masa birki, kuma ba za a iya ba sai an san inda yake fitowa. A cikin gilashin kyamara akwai wata ƙofa da ke buɗewa tana tsukewa, kamar yadda ƙwayar ido ke faɗaɗa cikin duhu ta ƙanƙance a rana. Masu sana'ar suna kiran ta afaca, suna auna ta da lambobi: f/1.4, f/2, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Lambar sakamakon rabawa ce, tsawon gilashin a raba shi da faɗin ƙofar. Gilashi mai milimita 50 a kan f/2 ƙofarsa milimita 25 ce, a kan f/16 kuwa ba ta wuce milimita 3 da ɗan abu ba. Shi ya sa ƙaramar lamba ke nufin babbar ƙofa, abin da ke rikita duk sabon shiga. Kowane mataki gaba yana rage rabin hasken da ke shiga.

Sai dai aikin ƙofar bai tsaya ga haske ba. Ita ce ke yanke yawan wurin da zai fito garau a gaba da bayan abin da aka saita. Ɗauki wannan gilashi mai milimita 50 a kan babbar kyamara, ka tsaya mita 2 daga mutum. A kan f/1.8, abin da zai fito garau bai wuce santimita 17 ba, wato ko taƙi ɗaya bai cika ba. A kan f/8 ya kai kusan santimita 80. Tsakanin lambobin nan biyu aka yi asarar fuskar kakarmu.

Na san hujjarsu, kuma ba duka ce ta banza ba. Ɗakin taro da daddare duhu ne, buɗe ƙofa yana ceton hoto. Fuskar mutum ɗaya ma takan yi kyau idan an raba ta da hayaniyar baya. Amma mutum goma a sahu biyu ba fuska ɗaya ba ne. Akwai filasha, akwai ƙara ƙarfin ISO, akwai jera mutane a layi guda. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce gilashin 50 mai f/1.8 yana cikin mafi araha, shi mutum ke fara saya, ya ga hazo ya tashi a baya, ya ɗauka ya ƙware. Hazon yana rufe masa ragwanci: ba sai ya matsar da bokiti ko ya sake wurin tsayawa ba.

Abin ya fi ba ni takaici a aikinmu na jarida. A ɗauki mace a sansanin 'yan gudun hijira, a narkar da tantin da take kwana a ciki da layin masu jiran ruwa, me ya rage? Fuska mai ban tausayi da za a iya cewa daga ko'ina take. Labarin yana cikin bayan da aka shafe.

Rigimar tsohuwa ce. A 1932 Ansel Adams da Edward Weston da Imogen Cunningham da abokansu suka haɗa ƙungiya a Kalifoniya, suka raɗa mata suna f/64, don nuna adawa da masu sa hoto dishi-dishi ya yi kama da zanen hannu. Kusa da mu kuma, dubi hotunan da Seydou Keïta ya ɗauka a Bamako daga 1948. Zanen atamfa, rediyo, agogon hannu, babur, duk suna nan ɓaro-ɓaro, kuma da su ake karanta rayuwar birnin a wancan zamani.

Wayar hannu ta ƙara dagula lamarin. Yawancin wayoyi ƙofarsu ba ta motsi, kuma da yake farantin kama haskensu ƙarami ne, kusan komai yakan fito garau. Hazon da kake gani manhaja ce ke ƙirƙirarsa, salon da ya bazu bayan fitowar iPhone 7 Plus a 2016. Manhajar tana kintatar inda mutum ya ƙare, shi ya sa take gutsure bakin ɗankwali, ta cinye gefen hula.

Kada kuma wani ya ce na tura shi f/22. Idan ƙofar ta tsuke da yawa, haske yakan bazu a gefenta, hoton duka ya yi laushi. Hoton danginmu f/5.6 ko f/8 kawai yake buƙata, juyi kaɗan da ɗan yatsa. Mai hoton ya ce zai dawo ya sake ɗauka kyauta. Kaka ta ce ita ta gama zama gaban inji.