Filin Kiwon Lafiya: Bakin Hanji a Gefen Ciki

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, wannan wata za mu yi magana a kan wani aikin likita da mutane da yawa ke jin kunyar faɗinsa. Wani lokaci idan an yi wa mutum aiki a ciki, likita yakan fito da bakin hanjinsa ta gefen cibiya, ya ɗinke shi da fata. Ta nan kashi zai riƙa fita, yana zuba cikin ƴar jaka. Likitoci suna kiran wannan ƙofa sitoma. Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta baki.

A ƙasarmu abin da ya fi jawo wannan aiki shi ne masassarar tifoyid, wadda a Nijeriya ake ce wa taifot. Ƙwayar cutar tana cikin kashin mutum, ba na dabba ba. Ruwan sama ya kwashe shi ya kai tabki ko rijiya marar murfi, mu kuma mu ɗiba mu sha. Yaro ya kwanta da masassara, a ce ta sauro ce. Cikin sati na 2 ko na 3 cutar tana iya huda hanji, ƙazanta ta tsiyaye cikin ciki. Sai cikin ya kumbura, ya yi tauri kamar faifai, ba ya taɓuwa don zafi.

Likitocin fiɗa na babban asibitin Damagaram, cikinsu har da Farfesa Harisu Adamu, sun daɗe suna rubuta bincike a kan wannan ciwo. Haka ma a asibitin Galmi, a nan jahar Tawa, wanda aka buɗe a 1950. Abin da suka gano kusan ɗaya ne. Yara da samari ya fi kamawa, yawancinsu daga ƙauye, kuma jinkiri ne ke kashe su. Wanda aka kawo da wuri, sau da yawa ɗinke hujin kawai ake yi. Wanda ya kwana uku ko huɗu da hudadden hanji, cikinsa ya riga ya ruɓe, ɗinki ba zai riƙe ba. Dole a fito da hanjin waje ya huta.

Mu mutanen arewacin Adar, wannan magana tamu ce. Daga Abalak zuwa Tawa ya fi kilomita 100, balle mai ruga a bayan Cintabaradan ko Tasara. In an tsaya jiƙo da tsagar wanzami, sannan aka jira ranar kasuwa a sayar da akuya, kwanakin da likita ke buƙata sun tafi. A ganina gara a ci bashin kuɗin mota ranar da cikin ya yi tauri, a sayar da akuyar daga baya.

To, an yi aiki, an sallami yaro. Daga nan ne ilimin ma'aikatan jinya ke shigowa, kuma yana da tarihi. A 1954, wata ma'aikaciyar jinya a ƙasar Danmak, Elise Sørensen, ta ga ƴar'uwarta da aka yi wa wannan aiki ta daina fita gida don tsoron wari da zuba. Ita ce ta yi dabarar jakar da ke manne wa fata. A Amurka kuma, wata mace mai suna Norma Gill, wadda ita kanta aka fito mata da hanji, ta fara aiki da likita Rupert Turnbull a birnin Kilibilan a 1958, tana koya wa marasa lafiya kula da kansu. A 1961 suka buɗe makarantar wannan fanni. Abin mamaki, garin da Turnbull ya riƙa sa wa fata don kada ta ci, ƙaro ne na wani icce ɗan'uwan kukkuki namu. Amma nasu tatacce ne, kada wani ya ɗebo na daji ya shafa wa yaro.

Ga abin da suka koyar. Bakin hanji ja ne, mai danshi, kamar cikin baki. Ba ya jin zafi, kuma ɗan jini kaɗan in an goge ba komai ba ne. Fatar da ke kewaye da shi ita ce abin tsoro, don kashin ƙaramin hanji ruwa-ruwa ne, yana cin fata kamar kanwa mai ƙarfi. A wanke ta da ruwa mai tsabta, a bari ta bushe sarai kafin a manna jaka. A yanka ramin jakar daidai girman bakin, kada ya yi faɗi. A zubar da abin da ke ciki tun jakar ba ta kai rabi ba.

Jakar tana da tsada kuma tana wuyar samu, shi ya sa wasu ke ɗaura leda ko tsumma. Wanda dole ta sa shi haka, ya riƙa canzawa da zarar ya jiƙe, ya tambayi ma'aikacin jinya man da zai kare fata. Ya kamata hukuma ta sa wannan jaka cikin kayan da ba sa yankewa a asibitocinmu, don likita ya yi rabin aiki ne in ya sallami yaro babu ita.

Babban haɗari a zafin Adar shi ne ƙarewar ruwan jiki. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, yanzu kuwa abinci ba ya isa can. Ruwa zalla ba ya wadatarwa. A riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi da ake samu a gidan likita, ƙunshi 1 cikin lita 1, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Tuwo mai laushi da shinkafa suna sa kashin ya yi kauri. Gyaɗa, gasasshiyar masara da goriba kuwa, a dakata da su, suna iya toshe bakin. Kada a tura shi kiwo da tsakar rana.

A koma asibiti nan da nan idan bakin ya yi baƙi, ko ya daina fitar da komai tare da amai, ko fitsari ya ragu ido ya faɗa.

Wannan ba ciwo ne da ake ɗauka ta zama tare ba. Kada a ware masa akushi, kada a ɓoye shi a ɗaki. Maganar alwala da salla, malamai sun san hukuncin mai lalura, a tambaye su. Ga yawancin masu tifoyid ƙofar ta ɗan lokaci ce. Bayan wata 2 ko 3, in yaro ya yi ƙwari, likita zai mayar da hanjin ciki, ya koma bayan gida kamar kowa. Don haka a adana takardar asibiti. In ranar komawa ta faɗo lokacin shuka ko tafiyar dabbobi arewa, a bar yaron wajen dangi a Tawa da mai kula da shi.