Sanyin Hunturu, Maganin Mura da Mai Babur

A hunturun bara wani saurayi ya zo tagar bayar da magani ta asibitin da nake aiki, riƙe da takardar ƙaninsa da aka kwantar da karaya a kafaɗa. Yaron tumatir yake ɗaukowa a babur daga fadama zuwa kasuwa tun kafin gari ya waye. Titi miƙaƙƙe ne, babu wanda ya buge shi, sai kawai aka tsince shi a gefen hanya. Da na tambayi ko yana shan wani magani, yayan ya zaro ƙulli daga aljihu ya ce, "Likita, ai na mura ne kawai. Biyu ya haɗiya da shayi bayan sallar asuba."

Wannan "kawai" ita ta sa ni rubutun nan. Yawancin ƙwayoyin mura masu haɗi, da wasu ruwan maganin tari, suna ɗauke da sinadarin chlorpheniramine, wanda shi ne ke cikin Piriton, ko kuwa ɗan'uwansa diphenhydramine. Suna tsayar da yoyon hanci da atishawa, amma suna shiga ƙwaƙwalwa su kawo gyangyaɗi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum kan ji garau, alhali tazarar da ke tsakanin ganin rami da taka birki ta ƙaru bai sani ba. Chlorpheniramine kuma ba ya saurin barin jiki, don haka wanda ya sha da daddare yana iya wayar gari da sauransa. Mai mota da ya yi gyangyaɗin daƙiƙa biyu yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur fatarsa ce za ta gaisa da kwalta.

Mafita ba ta da wuya. In zazzaɓi da ciwon kai ne, farasitamol zalla ya isa. In atishawa da yoyon hanci ne na ƙura, a nemi loratadine, wanda ba kasafai yake sa barci ba. In kuwa murar ta yi nauyin da sai an sha mai sa barci, to ranar a jingine babur a shiga mota. Kuɗin motar bai kai na ɗori ba.

Akwai kuma masu haɗiyar taramol da sunan korar sanyi da gajiya. Taramol ba ya ɗumama kowa. Yana dusashe jin zafi da jin sanyi ne, jiki kuwa yana ci gaba da hucewa. Yana kawo jiri, kuma in an sha da yawa yana haddasa jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yinta ba. Ku ƙaddara hakan ta faru a kan babur mai gudu, da mace da goyo a baya. Gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma har yau ana samun masu nemansa ta bayan fage, kuma illarsa ga matuƙi ita ce dai barcin nan. Giya ma haka take: tana buɗe hanyoyin jini na fata, mutum ya ji ɗumi, alhali zafin cikin jikinsa ne ke zurarewa.

Ba ina raina sanyin ba ne. A Jos asubar Janairu kan sauka ƙasa da digiri 10, Kano da Funtuwa ma sukan kusanci haka. Idan ma'auni ya nuna digiri 10, mai gudun kilomita 60 a awa jikinsa zai ji kamar digiri 5 ne saboda iska. Yatsu ne ke fara sandarewa, su ne kuma ke matsa birkin gaba da kuloci. Shi ya sa nake ganin safar hannu ta fi komai muhimmanci bayan hular kwano. Riga biyu ko uku marasa kauri, da ta sama mai tare iska, sun fi ƙatuwar riga ɗaya. Sai dai a kula da duk abin da ke reto: bargo, jelar rawani, babbar riga, dogon hijabin fasinja. Tayar baya ba ta tambaya kafin ta naɗe su. A ranar hazo kuma, irin wanda kan hana jirgi sauka a Kano, a kunna fitila ko da rana ce, a rage gudu.

Hular kwano kuwa, tun da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta a Janairun 2009, har wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su tsere wa kamu, ba mu ɗauke ta da gaske ba. Hular sanyi ta ulu ba ta maye gurbinta. A sa siririya a ciki, a ɗora kwanon a sama, a ɗaure igiyar.

Wani kaso na laifin namu ne, mu masu ba da magani. Mukan miƙa ƙwayar mura mu ce ɗaya safe ɗaya dare, mu kira na gaba. Tun daga kan yaron nan na ɗora wa kaina tambaya guda kafin in miƙa: "Malam, kana hawa babur?" Ina roƙon abokan aikina, musamman masu kemis na unguwa da ƙauye, inda mafi yawan 'yan acaɓa ke sayen maganinsu, su ma su riƙa yin ta. Mai saye kuma, in ba a tambaye ka ba, kai ka faɗa.