Gida mai pano: a yanke kontar NIGELEC ko a bar shi?

Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo wa ƙasarmu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, pano mai aiki da hasken rana ya daina zama kayan ƙauye ko na masu hali kaɗai. Kafin wannan lokaci, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. An ɗage takunkumin CEDEAO a Fabrairun 2024, wuta ta dawo a Maris, amma ba ta dawo yadda take ba. A Afrilun 2025 ministar makamashi ta bayyana cewa megawat 46 ake samu maimakon 80. Duk wanda ya shiga Katako a Yamai, ko Kasuwar Dole a Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ya ga yadda pano da batir suka cika rumfuna.

Yanzu da pano ya hau bisa ɗaki, tambayar da ƴan kasuwa ke yi ita ce: a yanke kontar NIGELEC gaba ɗaya a huta da takardar wata, ko a bar shi? In za a bar shi, wane iri, kuma da wane ƙarfi? A ganinmu, ga mafi yawan gidajen da ke cikin gari, yanke kontar sakin reshe ne a kama ganye. Abin da ya fi shi ne rana ta yi aikin rana, kontar ya yi na dare, batir kuma ya toshe giɓin ɗaukewar wuta.

Dalilin farko lissafi ne. Abin da kontar ke ƙirgawa shi ne kilowat-awa, wato wat 1000 da aka sha cikin awa guda. Pano mai wat 300, a irin ranar ƙasarmu, yana ba da kusan kilowat-awa ɗaya da rabi a yini in yana da tsabta. Konjelater na mai sayar da ƙanƙara, lemu-hari ko bisap yana iya shan wajen kilowat-awa 2 a yini lokacin zafi. Fanka biyu masu wat 60, in suka kwana suna juyawa awa 10, sun sha wat-awa 1200. A ƙara ƙwan fitila da talabijin da cajin salula, gida ya kai kusan kilowat-awa 4 a yini. Ke nan pano uku na iya samar da wannan, kuma a nan ne mai sayarwa ke cewa an gama, ba sauran biyan NIGELEC.

Abin da bai cika faɗa ba shi ne pano da rana yake aiki, mu kuma da dare muka fi buƙatar fanka da haske. Wutar dare sai an ajiye ta, kuma ajiyar ce ke da tsada. Babban batir irin na dalma mai bolt 12 da ampa 200 yana ɗaukar wat-awa 2400 a rubuce, amma in ana so ya daɗe, rabi kaɗai ake sha, wato 1200. Fankan nan biyu kaɗai sun cinye shi kafin asuba, konjelater bai samu komi ba. Zafi kuma maƙiyin irin wannan batir ne: wanda aka ajiye cikin shago mai rufin kwano a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kwanansa na raguwa ƙwarai, sau da yawa shekara biyu ko uku a sake shi. Batir na litiyom ya fi jurewa, ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma yana yin shekaru masu yawa, sai dai kuɗinsa na farko ya fi nauyi. Saboda haka wanda ya yanke kontar bai daina biya ba. Ya daina biyan kaɗan kowane wata, ya koma biyan mai yawa lokaci guda, kuma ranar da batir ya mutu ba ya sallama.

Dalili na biyu shi ne yadda NIGELEC ke sayar da wutarta. Ba farashi guda ba ne, hawa-hawa ne. A tsarin da aka fara aiki da shi a 2018, ƙaramin gida da bai wuce kilowat-awa 50 a wata ba an sa mashi kusan dala 12 kowane kilowat-awa, alhali wanda ya sha da yawa, abin da ya hau matakin sama ya wuce dala 20. Ma'anar wannan ga mai pano a fili take: amfanin pano shi ne ya sare saman takarda, inda wuta ta fi tsada, ya bar gida a matakin ƙasa. Kilowat na farko da ake saye wurin NIGELEC sun fi araha bisa ga waɗanda za a ajiye cikin batir. Kowa ya ɗauko takardarsa ta watan da ya wuce, ya duba farashin da aka rubuta mashi da adadin da ya sha, ya ga matakin da yake.

Sai maganar ƙarfin da aka yi rajista da shi, kilowat 3 ko 6 ko 12. Akwai kuɗin da ake biya kowane wata ko an kunna ko ba a kunna ba, kuma yana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin. Gidan da ba ya da kilim ko babban injin, wanda pano ya ɗauke wa aikin rana, ba ya da dalilin riƙe kilowat 6 don alfahari. Amma mai konjelater uku ko injin niƙa kada ya rage ƙarfi fiye da kima, domin moto na jan wuta ninki-ninki lokacin da yake tashi, sai kontar ya riƙa faɗuwa.

Kontar na kati, wanda ake zuba wa kuɗi kafin a sha, ya fi dacewa da mai samun kuɗi kullum, kamar iyayenmu mata na kasuwa. Ana ganin abin da ya rage, ba bashin da ke taruwa, kuma cikin sati guda mutum zai gane ko panonsa na aiki ko ado yake yi. Sai dai a kula: kontar gida an yi shi ne ya ƙirga wutar da ta shigo. A ƙasashe irin su Jamus, kampani na sayen rarar wutar da pano ya samar, amma kada ɗan kasuwarmu ya ɗora lissafinsa bisa wannan. Kuma haɗin da ke mayar da wutar pano cikin layi ba tare da izini ba yana iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana zaton layin a mace yake. A nemi ƙwararre ya sa makunnin da ke raba biyun, ko onduler mai zaɓar wuta da kansa.

Tunda rarar rana ba ta komawa aljihu, sai a cinye ta da rana. Guga, ɗinki, jan ruwa da cajin salula a yi su tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 3. Konjelater ya daskarar da kaya sosai da rana, a rage buɗe shi da dare, domin ƙanƙara ita ma ajiya ce, kuma ba ta lalacewa kamar batir. Lokacin hunturu a riƙa share ƙura daga pano da sassafe, cikin damina kuma a tuna da kwanakin hadari na watan Agusta, lokacin da kontar ne zai ceci kifi da kaji da nono.

Ko gwamnati haka take yi. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023, da rana suke ba da wuta. In dare ya yi sai injuna da layin Najeriya. Wanda ya kamata ya dogara da pano ɗari bisa ɗari shi ne na ƙauye ko unguwar da layi bai kai ba, shi kuma kuɗinsa ya fi kyau ya tafi ga batir na ƙwarai, don araha ba ta ado.

Muna kira ga hukumar ARSE mai kula da farashin makamashi da ta fito da ƙa'ida bayyananna wadda ƙaramin gida zai iya sayar da rararsa da ita, a kuma sa ido bisa batura marasa inganci da ke shigowa kasuwanninmu. Kafin nan, mai shirin yanke kontar ya fara tambayar kuɗin sabon batir, ya raba shi bisa watannin da zai yi, ya gwada da takardar NIGELEC. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.