Fanshon da ba ya isa Jabo sai ya rame

Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da Sakkwato, a busa bigila, a saki tattabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Saurayin da ya shiga soja a 1967 yana ɗan shekara 20, yau ya doshi 80. Idan harsashi ya ci masa ƙafa a fagen daga, fiye da rabin ƙarni ke nan yana dogara sanda.

A takarda an yi masa tanadi. Akwai Hukumar Fanshon Soja a Abuja, kuma tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo, gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin biyansu kai tsaye. Akwai inshorar lafiya ta tsofaffin sojoji. Akwai cibiyar Oshodi a Legas, inda ake koya wa masu barin aiki sana'a.

To amma wanda ya tsara wannan duka, da alama mai lafiyar ƙafa ya hango, mazaunin birni. Tsohon soja a Jabo da ke Tambuwal ko wani ƙauyen Kebbe, idan lokacin tantancewa ya zo ko kuɗinsa ya maƙale, sai ya nemi ɗa ko jika ya raka shi Sakkwato. Kuɗin mota na mutum biyu ke nan, zuwa da dawowa, ga fetur da ya yi tashin gwauron zabi tun janye tallafi a Mayun 2023. Mai POS ya yanki nasa. Ƙafar roba ta tsufa, sauya ta kuma ba aikin asibitin ƙauye ba ne. In an ce a tantance ta waya, dattijon da idonsa ya yi rauni sai ya sake neman yaro. Fanshon kan rame tun a hanya.

Masu ƙarfin zuwa Abuja sun sha zuwa. A Janairun 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙoƙinsu, kyamarori suka ɗauka. Wanda ke kwance a Jabo ba ya cikin hoton.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Hedikwatar Runduna ta 8 a Sakkwato take. Jami'an fansho su riƙa fitowa Tambuwal da Kebbe sau ɗaya a shekara, tare da likita, su tantance naƙasassu a gidajensu, dagatai su nuna musu ƙofa.

Gwamnatin jiha ma tana da nata rabon. A 2024 ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma domin tunkarar 'yan bindiga. Cikin samarin nan wasu za su dawo da rauni, kuma Hukumar Fanshon Soja ba tasu ba ce. Ya kamata Majalisar Dokokin Sakkwato ta fayyace nawa za a riƙa biyan wanda ya rasa ƙafa ko ido, da ofishin da zai biya shi a ƙaramar hukumarsa.